Na haɗa matan layinmu da manomin tumatir, yanzu ni ake bi

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. A Kano nake. Akwai wani manomi a Kadawa, ƙanin mijin yayata, tun bikin 'yarta muka saba, mutumin kirki ne, lokacin da na haihu har buhun albasa ya aiko min kyauta. Ganin yadda kwando ke ƙara kuɗi daga gona zuwa kasuwar 'Yan Kaba, dillali ya ci, mai mota ya ci, mai kasawa ya ci, sai na tara mata bakwai muka haɗa masa kuɗin taki da magani tun Nuwamba, shi kuma ya riƙa kawo mana kwando biyu duk Asabar. Sau uku ya kawo. Yau sati biyar shiru, wai tsutsa ta shiga gonar. Matan sun ce kuɗinsu. Maigida bai san da maganar ba. Ya zan yi?

Baban Yara: Baiwar Allah, nawa kuka ba shi? An rubuta? Wannan ciniki salam ne, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, kuma malamai sun gindaya sharaɗi: a san awo, a san lokaci, kada a ɗaure shi da gona guda. In haka kuka yi, tsutsa ba ruwanku, ya je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ya sayo ya cika.

Mai tambaya: Malam, ba a rubuta ba. Suruki ne fa, ta yaya zan miƙa masa takarda?

Ɗan Kura: Hajiya, ki tausaya masa. A 2016 tsutsar nan ta cinye gonakinmu cikin kwanaki, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Kuma ku mutanen birni in tumatir ya yi araha har muna yanka shi kauda, ba mai nemanmu.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Ni wake na biya tun kaka, da ya yi tsada mutumin ya kai Dawanau ya sayar, ya dawo min da kuɗina yana murmushi. Har yau abin na cina. Ki je ki ga gonar da idonki.

Baban Yara: Zuwa gona ɓata kuɗin mota ne. Ki faɗa wa mijinki yau, a kira shi gaban manya. Kuma dillalin da kuke zagi shi ke ɗaukar irin wannan asarar, la'adarsa ba ta banza ba ce.

Ɗan Kura: Wace asara? Dillali ya taɓa riƙe fartanya?

Mai tambaya: Ni dai ban yi don riba ba, kuma sau ukun da ya kawo kowa ta yaba, ba ruɓaɓɓe ko ɗaya. Maganar maigida a bar ta tukuna. In na roƙi matan su jira albasarsa ta fito a watan Maris, ya halatta?

Maman 'Yan Biyu: Albasar ma kin gan ta?