Muhawara: idan alamomi sun zo ɗaya, saƙon ma ɗaya ne?

Malamin Adabi:
Assalamu alaikum. Maganar da na kawo wa wannan zaure ita ce, manyan wasannin kwaikwayo na ban tausayi, tun daga na Girkawan birnin Atens har zuwa na Shekisfiya a Ingila, jigo ɗaya suke ta nanatawa, wato ɗan Adam ba ya ganin ramin da ke gabansa sai ya faɗa ciki, kuma abin da aka tsaga masa ba ya wuce shi. Hujjata ita ce alamomin da suke ta maimaituwa. A wasan Odifus na Sofokilis, wanda aka fara yi wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa, makahon mai duba Tiresiyas shi ne ya san wanda ya kashe Sarki Layus, Odifus kuwa mai ido biyu har gorin makanta ya yi masa, sai da ya gano cewa shi ne ya kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa sannan ya rasa nasa idanun. Bayan kimanin shekara dubu biyu, a wasan Sarki Liya na Shekisfiya, ga Gulosta, wani bafaden sarkin, an ƙwaƙule masa idanu, yana cewa lokacin da yake gani ne ya yi tuntuɓe. Haka jinin da ba ya wankuwa yana hannun Orestis, Bagirken da ya kashe mahaifiyarsa, yana kuma hannun Makbes na Shekisfiya, wanda ya kashe sarkinsa, haka maganar masu duba ta tabbata a kan Odifus ta tabbata a kan Makbes. Ban ga yadda wannan zai zama katari ba.

Malamar Sakandare:
Wa alaikumus salam. Malam, da izininka zan tsaya a kan makantar nan, domin a ganina kama da wane ba ta wane. Mu dubi yadda kowannensu ya rasa idonsa. Odifus ya ɓalle ƙofar ɗakin Jokasta, mahaifiyarsa kuma matarsa, ya tarar ta rataye kanta, ya sauko da ita, ya zare alluran zinariya da ke riƙe da tufafinta, ya yi ta caka wa idanunsa da hannunsa. 'Yan kallo ba su ga wannan ba, wani bawan fada ne ya fito ya ba da labari, kuma da Odifus ya fito sai ya ce Afolo, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, shi ne ya jawo masa wannan bala'i, amma hannun da ya yi aikin nasa ne, ba na kowa ba. Wannan hukunci ne da mutum ya yanke wa kansa bayan ya san gaskiya.

Gulosta kuwa a cikin gidansa baƙinsa suka ɗaure shi a kujera, Rigan, 'yar Sarki Liya, ta fizge masa gemu, mijinta Konwal ya cire masa ido ɗaya a gaban jama'a a kan dandamali. Wani bara na Konwal ya kasa jurewa ya zare takobi ya ji wa ubangidansa rauni, Rigan ta kashe baran, sannan aka cire ido na biyu. Laifin Gulosta a wurinsu shi ne ya taimaki tsohon sarki da 'ya'yansa suka bari a waje cikin hadari. Sai bayan an gama da shi, yana kiran ɗansa Edmond ya zo ya rama masa, Rigan ta gaya masa cewa Edmond ɗin ne ya tona shi. Saboda haka ɗaya ya sani sannan ya makance, ɗaya ya makance sannan ya sani. Ɗaya adalci yake nema a kan kansa, ɗaya zalunci aka yi masa don ya yi alheri. Idan na koya wa ɗalibaina cewa abu ɗaya waɗannan fitowa biyu suke nufi, na hana su ganin abin da ya sa kowacce take da zafi.

Ɗaliba:
Malam, ina da tambaya ta fuskar tarihi. Abin da aka sani shi ne Shekisfiya ya fi kusa da Seneka, marubucin wasanni na Rum, fiye da Girkawa, domin an tattara wasannin ban tausayi goma da ake danganta wa Seneka aka buga su da Ingilishi a 1581, kuma akwai wasan Odifus a cikinsu. Abokin sana'arsa Ben Jonson ma, a waƙar yabon da ya rubuta a kundin wasannin Shekisfiya na 1623, ya ce Latin ɗin Shekisfiya kaɗan ne, Girkancinsa kuwa bai kai haka ba. Shin kamannin nan gado ne da ya bi ta hannun Seneka, ko kuwa kowa da kansa ya tsinto?

Malamin Adabi:
Ko wanne ne daga cikin biyun, ni ya taimaka. Idan gado ne, to marubuci ba ya ɗaukar abin da bai yi masa ma'ana ba. Idan kuwa bai karanta Sofokilis ba amma ya iso inda Sofokilis ya iso, wannan ya fi ƙarfi, domin ya nuna cewa duk wanda ya zauna ya yi tunani mai zurfi a kan faɗuwar babban mutum, nan hanya za ta kawo shi.

Ɗaliba:
Gafarta Malam, kowane ɗan Adam yana da ido yana da jini, kuma yana tsoron rasa su. Haɗuwar marubuta biyu a kan ido da jini ta nuna cewa kayan aikinsu ɗaya ne, amma ba ta isa ta nuna cewa abu ɗaya suka gina da su ba.

Tsohon Ɗan Wasa:
Ku ba ni dama in sa baki a kan jinin nan da maganar duba, tun da na taɓa hawa dandamali da wasan Makbes. Da farko, Malam, Odifus da Makbes ba su karɓi maganar masu duba iri ɗaya ba. Da Odifus ya ji a matsafar Delfi cewa zai kashe uba ya auri uwa, sai ya ƙaurace wa Korinti, garin da ya tashi, don kada ya cuci waɗanda yake zaton su suka haife shi, gudun nan ne kuma ya kai shi mararrabar hanya uku inda ya haɗu da Layus. Makbes kuwa da mayun nan uku suka ce masa zai zama sarki, babu wadda ta ce masa ya kashe Sarki Dankan. Shi da matarsa ne suka shirya, suka bugar da masu gadi da giya, suka yanka baƙonsu yana barci a ƙarƙashin rufinsu. Banko, abokin yaƙin Makbes, yana tsaye a wurin lokacin da mayun suka yi magana, shi ma an gaya masa cewa zuriyarsa za su yi sarauta, bai kashe kowa ba. Ina ganin don haka ne aka tsayar da shi kusa da Makbes, don kada mai kallo ya ce babu yadda mutum zai yi.

Jinin ma haka. A wasanni uku na marubucin Girka Iskilus da aka yi a 458 kafin haihuwar Annabi Isa, jinin uwa da ke kan Orestis ƙazanta ce ta zahiri wadda take da hanyar tsarki. An yi masa tsarki a wurin Afolo da jinin alade, sannan aka kai ƙararsa gaban kotu a Atens, ƙuri'u suka yi kunnen doki, aka sallame shi. Jinin Makbes babu mai tsarkake shi, domin ba a fata yake ba. A daren kisan, shi ya ce duk ruwan teku ba zai wanke hannunsa ba, matarsa ta ce ɗan ruwa kaɗan ya ishe su. A kashi na biyar sai ga ta ta fito cikin barci da fitila, likita da baiwarta sun laɓe suna kallo, tana ta murza hannu tana cewa har yanzu akwai tabo, har yanzu tana jin ƙarnin jini. Abin da mai karatu a takarda kan manta shi ne, hannun mai wasan a wannan fitowa tas yake, ba a shafa masa komai, kuma tsabtar hannun ce take tayar wa 'yan kallo tsigar jiki. Wancan jini na dangi ne da gari, ana shari'a a kansa. Wannan na zuciya ne.

Malamin Adabi:
Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya ƙayatar, amma ka tsaya a duba na farko ka bar na biyu. Da Makbes ya koma wurin mayun, an ce masa babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso ya nufo tudun Dansinen. Ya saki jiki da wannan magana kamar yadda Odifus ya saki jiki da nisansa da Korinti. Sai sojoji suka sassaro rassan dajin suka rufe kansu da su suka taho, sai Makdaf, wanda ya zo ɗaukar fansa a kansa, ya gaya masa cewa shi ba haihuwarsa aka yi ba, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Duka biyun an gaya musu gaskiya, duka biyun sun fahimce ta a karkace, kuma duka biyun sun gane a lokacin da ganewa ba ta da sauran amfani. Wannan shi ne abin da Aristotal ya bayyana a littafinsa na fasahar waƙa da wasa: kuskuren babban mutum, juyewar al'amari, da ganewa, waɗanda suke haifar da tausayi da tsoro. Kada kuma mu wanke Odifus fes, domin mutumin da ya kashe dattijo da 'yan rakiyarsa a kan wa zai kauce wa wani a hanya yana da zafin zuciyar da ba Delfi ce ta sa masa ba.

Malamar Sakandare:
To ai Malam, da wannan jimla ta ƙarshe ka matso wajenmu. Idan zafin zuciyar Odifus yana da hannu a ciki, ashe ba abin da aka tsaga kaɗai ke aiki ba. Marubucin Najeriya Ola Rotimi ya ga haka lokacin da ya mayar da labarin ƙasar Yarabawa a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya sa wa wasansa suna The Gods Are Not to Blame, ya kuma sa Odewale ya kashe mahaifinsa a rikicin gona bayan an yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. Ƙashin labarin na Sofokilis ne, makantar ma tana nan, amma inda aka ɗora laifin ya sauya.

Ɗaliba:
Ƙari a kan haka, abin da Malam ya kawo daga Aristotal tsarin gini ne, ba jigo ba ne. Ana iya samun kuskure da juyi da ganewa a wasan da yake cewa alloli ne ke juya mutane, ana iya samun su a wasan da yake musun haka. Aristotal ɗin ma ya yabi wasan Yurifidis na Ifijiniya a ƙasar Tauris, wanda a cikinsa ganewa ta zo a kan kari, 'yar'uwa ta gane ɗan'uwanta kafin a yanka shi, suka tsira tare. A wasan Sarki Liya kuwa ra'ayoyin biyu duk an sa su a bakin mutane. Gulosta ya ce mu a wurin alloli kamar ƙudaje ne a hannun yara marasa ji, suna kashe mu don wasa. Ɗansa Edmond kuma tun a kashi na farko yake yi wa masu ɗora laifinsu a kan rana da wata da taurari dariya. Mutumin kirki ne ya faɗi na farko yana cikin fitar da rai, mugu ne ya faɗi na biyu yana cikin hankalinsa, marubucin kuma bai fito ya raba gardama ba.

Malamar Sakandare:
Ina so Malam ya gaya mana inda mutuwar Kodeliya, 'yar autar Sarki Liya, ta shiga cikin jigonsa. Babu mai duban da ya faɗe ta, ba ta makance wa wata gaskiya ba, ita ce ma ta ƙi yi wa mahaifinta daɗin baki. Edmond ya ba da umarnin a rataye ta a kurkuku, da ya ga zai mutu ya janye umarnin, ɗan aike bai kai a kan lokaci ba, Liya ya shigo ɗauke da gawarta yana neman madubi ya ga ko numfashinta zai dusashe shi. A tsofaffin labaran da Shekisfiya ya samo, ɓangarenta ne ya ci yaƙin, mahaifinta ya koma kan karagarsa. Shi ne ya sauya. Abin ya yi wa Ingilawa nauyi har Nahum Tate ya sake rubuta wasan a 1681 ya bar ta da rai ya aura mata Edga, ɗan'uwan Edmond, kuma nasa ne ya riƙe dandamali fiye da shekara 150, sai a 1838 aka dawo da na Shekisfiya sosai. Mutanen da suka jure makantar Odifus sun kasa jure wannan, domin a can akwai dalilin da hankali zai kama, a nan babu.

Malamin Adabi:
Malama, kin ba ni makami da hannunki. Antigoni ta Sofokilis fa? Sarki Kiriyon ya sa an rufe ta da rai a kogon dutse saboda ta binne ɗan'uwanta Folinisis, Tiresiyas ya gargaɗe shi, ya janye hukuncinsa, da aka isa kogon aka tarar da ita a rataye. Budurwa mai gaskiya, igiya a wuya, afuwar da ta makara. Idan wannan ma ba jigo ɗaya ba ne da na Kodeliya, ina jiran a nuna mini bambancin.

Tsohon Ɗan Wasa:
Malam, a sake duba fitowar da kyau. Dattawan 'yan amshi sun ce wa Kiriyon ya je ya saki yarinyar, sannan ya gina wa mamacin kabari. Shi kuwa sai ya fara da gawa, aka wanke abin da karnuka suka bari, aka ƙona, aka tara ƙasa a kai, bayan an gama duk wannan ne ya nufi kogon. Makarar nan tana da mai ita, kuma ya biya da ɗansa Haimon da matarsa a yini ɗaya, ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ne ya kashe su. A wasan Liya, lokacin da ya kamata a ruga kurkuku, manyan da ke wurin suna tsaye suna sauraron Edga yana ba da labarin wahalarsa, sai da Kent, amintaccen Liya, ya shigo yana tambayar ina sarki sannan Olbani, surukin Liya, ya ce sun manta da babban abu. A cikinsu wa za mu kama?