KNUST daga gida ko Legon da zaman hostel: ina ya kamata yarinyar ta je?

Kawun Yarinya, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jami'a. 'Yar ƙanwata ta samu gurbi biyu, duka a ilimin kwamfuta: ɗaya a jami'ar KNUST nan Kumasi, wadda muke kira Tech, ɗaya a Legon, wato Jami'ar Ghana da ke Accra. Mahaifinta ya rasu, ni ke ɗauke da karatunta, abin da zan iya warewa kuma bai wuce sidi 800 a wata ba. Ita ranta yana Legon, tana son zaman cikin makaranta. Mahaifiyarta na cewa tunda gwamnati ta ɗauke kuɗin shekarar farko, a bar ta ta tafi. Ni ina ganin Tech ga ta nan kusa da gida. Ba na so in tauye ta, ba na kuma so a fara a tsaya a hanya. Yaya ake auna wannan?

Malamin Lissafi, Asawase

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinta, ya saka maka.

Ka ajiye shekarar farko a gefe tukuna, domin ita ce take ruɗin iyaye. Shirin No Fees Stress da Shugaba Mahama ya ƙaddamar a Koforidua a Yulin 2025 yana ɗaukar kuɗin karatu ne na sababbin ɗalibai a makarantun gwamnati. Bai haɗa da kuɗin ɗaki da abinci ba, kuma daga shekara ta biyu nauyin ya dawo kanka. A zagayen farko ma sai da ɗalibai suka biya sannan aka mayar musu, don haka kada ku je rijista hannu rabbana. A shekarar farkon ne kuma gado ya fi araha, saboda a KNUST tsofaffin hol shida, gidajen kwanan ɗalibai na cikin makaranta, wato Unity, Katanga, Independence, Republic, Queens da Africa, sababbin shiga ake bai wa, shekara na zagayowa a ce kowa ya nemi waje. Legon ma ta bi wannan tsari a tsofaffin hol ɗinta. Ke nan shekara ɗaya ce mai sauƙi, uku suna jiranka a gaba.

Ɗauki takarda ka ja layi huɗu, kowace shekara da nata. A kowane layi ka sa kuɗin karatu, ɗaki, abinci, mota, data da fotokwafi. Kuɗin karatun kada ka karɓa daga bakin kowa: kowace jami'a tana fitar da jadawalin kuɗinta a shafinta na intanet, kwaleji kwaleji, na sababbi daban na tsofaffi daban. Kafin nan ma, ka karanta takardun adimishan ɗin biyu da kyau ka ga ko an rubuta regular, wato gurbin da gwamnati ke tallafa wa, ko fee-paying, wanda ɗalibi ke biyan cikakken kuɗi. Idan ɗaya fee-paying ce, kuɗinta ya fi na regular nesa ba kusa ba, kuma haka za ka yi ta biya har ta gama. Da kuɗin da ka ambata, wannan kaɗai ya raba gardama.

Bari in nuna maka yadda lissafin yake tafiya, kai ka sa farashin da ka sani a yau. Sidi 800 sau 12 ya ba da 9,600 a shekara. Samista biyu da jarrabawarsu suna kai wa kamar mako 32. A ce tana Legon tana sayen abinci na sidi 40 a rana: 40 sau 7 sau 32 ya kama 8,960. Ba a taɓa ɗaki ba, ba a taɓa kuɗin karatu ba, ba a sa motar VIP daga Asafo nan Kumasi zuwa Circle a Accra ba. A ce kuma tana gida, motar trotro zuwa Tech Junction da dawowa sidi 15 a rana, kwana 5 a mako: 2,400. Tukunyar gida ba ta san an ƙara mutum ɗaya ba, ita dama a ciki take ci.

Abin da ya sa nake tsananta lissafin: jami'a ba ta jiran mai bashi. A 2022 KNUST ta ɗage karatun ɗalibai fiye da 6,000 saboda ba su biya kason da aka ƙayyade ba, wato kashi 70 cikin 100, kafin daga baya a ƙara musu wa'adi. Yarinyar da aka hana rijista a shekara ta uku ta fi wadda ba ta je Legon ba ɓacin rai.

Hajiya Mai Hostel, Ayigya

Malam, lissafinka daidai ne, amma akwai abin da takarda ba ta nunawa, kuma ina so Alhaji ya ji shi kafin ya yanke.

Yarinyar ba shagala take nema ba. Ɗalibin kwamfuta rabin karatunsa bayan lakca yake yi: aikin rukuni da yamma, bitar da manyan ɗalibai suke yi wa ƙanana ranar Asabar, intanet ɗin makaranta, wutar da ba ta yawan ɗaukewa. Wadda take zuwa daga gida sai ta bar Aboabo tun da duku-duku idan tana da lakcar safe, ta sha cunkoson Anloga Junction da Oforikrom, ta sauka Tech Junction ta sake bin layin motar cikin makaranta. Da la'asar kuma ido yana kan agogo. Ta isa gida a ce ga wanke-wanke, ga tuwo a tuƙa, ga suna a maƙwabta a je a taya aiki. Mu mun san gidajenmu na Zango: 'ya mace in tana gida, aikin gida yana kanta, ko jarrabawa take gobe. Wannan shi ke jawo faɗuwa a kwas, abin da 'yan Tech ke kira trail, sake rubutawar kuma da kuɗinta.

Don haka ni shawarata a tsakiya take. Ta karɓi KNUST, amma a kama mata gado a hol shekarar farko. Lokacin ne gado ya fi araha, lokacin ne kuma ake ƙulla ƙawayen karatu, a san malamai, a san ofis-ofis. Mutum huɗu ne galibi a ɗaki, ba wani jin daɗi ba ne, amma za ta samu abin da take nema a Legon, gida kuma yana kusa: ranar Lahadi a kawo mata miya, shito da gari, kuɗin abinci ya ragu sosai. Gado ta fotal, wato shafin intanet na makaranta, ake kamawa bayan an biya abin da aka ce a biya, kuma yana cika nan da nan. Ranar da za a buɗe ta zauna da wayar da ke da data, lambobinta a rubuce a gabanta.

Shekara ta biyu sai a duba aljihu. In da hali, hostel a Ayeduase, Kotei, Bomso ko nan Ayigya. Ku sani kuɗin shekara guda ake karɓa a dunƙule, kuma tun samista ta biyu ake fara kamawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku ba da ko sisi, wani babba ya je da ƙafarsa. Ya buɗe famfo ya ga ruwa, ya tambaya ko akwai burtsatse da tanki. Ya tambaya mitar wuta ta ɗaki ce ko ta gida duka, domin nan rigima take tashi. Ya duba mai gadi da lokacin rufe ƙofa, ya kuma bi hanyar bayan isha'i ya ga ko akwai fitila, saboda a lungunan da ba haske ake ƙwace waya da laftof. A biya a asusun bankin hostel ɗin a karɓi rasit. Duk dillalin da ya turo hoto a WhatsApp ya ce a aika kuɗi ta waya, wato momo, kafin a ga ɗaki, ku rabu da shi.

Maganar addini kuma hankalin mahaifiyarta ya kwanta: jami'o'in biyu duka suna da masallaci da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, GMSA. Ta yi rijista da su makon farko. Su ne suka san hostel ɗin da ya dace da mace, da inda ake buɗa-baki a azumi, da wanda zai bar ɗaki.

Ma'aikaciyar Tallafi, Madina

Kawu, ni ɓangaren tallafi zan taɓa, kuma zan ɗan kare Legon, don kada a ce ba ta da hanya. In kuna da dangi na amana a Madina, Legon ta zama kamar Tech daga Aboabo, mota ɗaya ce. Daga Nima ko Maamobi ya fi nisa, sai an bi ta tashar 37. In babu dangi, gado a tsofaffin hol irin Volta ko Akuafo ba shi da tabbas, masu nema sun fi gadajen yawa, wanda ya rasa kuma sai Limann, Kwapong, Sey, Jean Nelson ko Pent, waɗanda suka fi tsada.

Ƙa'ida ɗaya ka riƙe: tallafin da ba a ba ka takardarsa a hannu ba, kada ka sa shi a lissafin Malam. In ya zo, ya zama ƙari. Amma a nema da gaske, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Na cikin gida su ake rainawa, alhali su suka fi samuwa. Legon tana da ofishin tallafin ɗalibai, SFAO, ƙungiyar ɗalibai kuma tana da tallafin Yi Bi Boa. KNUST tana da nata ofishin ƙarƙashin sashen kula da ɗalibai, da Ketewa Biara Nsua na ƙungiyar ɗalibai, da shirin bai wa mabuƙata laftof, wanda ga mai karanta kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne. Babban shi ne na Mastercard Foundation a KNUST, mai ɗaukar karatu, ɗaki da kuɗin kashewa, yana kuma fifita mata, sai dai fom ɗinsa tare da neman adimishan ake cika shi. In ba ta cika ba a lokacin, a riƙe wannan don ƙannenta. A waje akwai MTN Bright, GNPC Foundation, GETFund, skolashif ɗin gwamnati da ake tantancewa a matakin gunduma, da ofishin ɗan majalisarku. Namu na Musulmi akwai Asusun Zakka da Sadaka na Ghana.

Abin da ke kayar da masu nema ba ya wuce uku. Na farko takardu: a haɗa fayil ɗaya yanzu, da Ghana Card, takardar adimishan, sakamakon WASSCE, takardar shaidar rasuwar mahaifinta daga ofishin rijistar haihuwa da mutuwa, da wasiƙar limami, sarkin Zango ko asambuliman, wato kansilan unguwa. Shaidar rasuwar nan ita ce gidajenmu ba su cika yi ba, ana jana'iza a ranar a wuce wajen, ita kuma ake fara tambaya. Na biyu suna: in WASSCE ta ce Mohammed, katin ya ce Muhammad, fotal zai iya ƙin karɓa, a yi rantsuwar kotu a daidaita tun yanzu. Na uku maki. Tallafin tsofaffin ɗalibai sakamakon shekarar farko yake dubawa. A KNUST ta nufi CWA, wato matsakaicin makinta, 60 zuwa sama, 70 ne matakin farko, wato first class. A Legon, inda ake auna maki da GPA, ta nufi 3.0, matakin farko daga 3.6 yake. Nan maganar Hajiya ta haɗu da ta Malam: inda ta kwana a shekarar farko yana shafar makin da zai jawo kuɗin shekara ta biyu.

Bashin SLTF kuma, wato asusun bai wa ɗalibai rance na gwamnati, tun 2022 ba a buƙatar mai tsaya wa, Ghana Card ya isa. A baya adadinsa ya shafe shekaru tsakanin sidi 1,500 da 3,000 a shekara gwargwadon halin gida, kuma yakan iso bayan an riga an shiga samista. Yana rage zafi, amma ba da shi ake kama hostel ba. Biya yana farawa bayan an gama da bautar ƙasa.

Almajirin Malam, Sabon Zango

Yaya, a ƙara wa Alhaji da cewa bashin SLTF yana da kuɗin ruwa, ya tambayi malaminsa kafin yarinya ta sa hannu, tunda sunanta bashin zai hau. Akwai na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, IsDB, wanda ake bai wa ɗaliban Musulmi a ƙasashen da ba mambobi ba irin Ghana. Rance ne ba ruwa, ya fi karkata ga likitanci, injiniya, noma da kimiyya, ana mayarwa kaɗan kaɗan bayan an kama aiki domin wani ɗalibin ya amfana. Ta intanet ake nema a shafin bankin, gurabensa ba su da yawa.

Kawun Yarinya, Aboabo

Allah ya saka muku da alheri. Na duba takardun, duka biyu regular ne. Dangi a Madina babu. Za mu zauna da ita da mahaifiyarta da takardar lissafin a gabanmu. Saura ɗaya: shaidar rasuwar ba mu da ita, shekara shida ke nan. Ana iya samu yanzu?

Ma'aikaciyar Tallafi, Madina

Ana iya samu, Kawu, rijistar makara ce, tana ɗaukar lokaci fiye da ta nan take. Ka je ofishin rijistar haihuwa da mutuwa na yankin da ya rasu. In a asibiti ne, ka fara karɓo takardar likita daga ɗakin ajiyar bayanansu. In a gida ne, ka tafi da rantsuwar kotu da wasiƙar limamin da ya yi masa salla. Kafin ta fito, ku riƙa haɗa rasit ɗin ofishin da wasiƙar limamin a duk fom ɗin da za ta cika. In ta fito ku yi kwafi biyar, asalin ya zauna a gida.