Ta ina lauya ke shiga shari'ar haraji ta kamfanonin ƙetare?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum. Shekarata 3 da fara aikin lauya a Kano, yawanci shari'ar filaye da ta haya. Kwanan baya wani kamfani ya zo ofishinmu. Yana sayo kayan roba daga uwar kamfaninsa a ƙasar waje, hukumar haraji ta ce da gangan aka tsawwala farashin don riba ta tsallake can, a biya haraji kaɗan a nan. Maigidana a ofis ya miƙa aikin ga lauyoyin Legas, don ba mu da wanda ya iya. Abin ya tsaya min a rai. Yayyena, ta ina ake farawa? Sai na koma na karanci akanta?

Baban Ummi: Wa alaikis salam, ƙanwata. Ba sai kin zama akanta ba, amma dole ki iya karanta lissafin ribar kamfani kamar yadda kike karanta takardar fili. Tambayar kullum guda ce: da bare aka sayar wa kayan nan, nawa zai biya? Najeriya ta fitar da ƙa'idojinta kan farashin ciniki tsakanin kamfanoni masu alaƙa a 2012, ta sabunta su a 2018, bisa tsarin OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba. Ki nemi hukuncin 2020 na shari'ar kamfanin Prime Plastichem da FIRS, hukumar harajin tarayya ta lokacin, wanda kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta Legas ta yanke. Kamfanin ya auna farashinsa da hanya ɗaya a 2013, ya sauya wata a 2014, ya kuma kasa gamsar da kotu da hujjojinsa. Hukumar ce ta yi nasara. Ni daga nan na gane tun a takardun da kamfani ya ajiye lokacin cinikin ake cin irin wannan shari'a ko a faɗi, ba ranar zaman kotu ba.

Hajiya Lauya: Ki yi jarrabawar CITN, cibiyar ƙwararrun masana haraji ta Najeriya. Kuma kotun harajin shiyyarmu a Kaduna take zama, ki riƙa zuwa kina saurare. Amma kada a ɓoye miki, manyan kamfanonin a Legas suke. Ni sai da na yi shekara 4 a can, nesa da iyayena, kafin hannuna ya faɗa.

'Yar Fagge: Na gode, Yaya. Hajiya, maganar Legas ɗin ce zan fara kai wa Baba a daren nan.