Me ya sa Picasso da Braque suke farfasa kwalba da goge a zanensu?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. An ba mu aiki a makaranta kan salon zanen Kiyubizim, wanda ya ɓulla a birnin Faris wajen shekarar 1908, kuma na lura yawancin hotunan na kayan tebur ne: kwalba, kofi, lofe, jarida da gogen Turawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da masu wannan salon, irin su Picasso da Braque, gwanaye ne, me ya sa suke farfasa siffofin kayan har a kasa gane su, kuma me ya sa suka nace wa waɗannan kayan?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, malama. Tun ƙarni na 15 masu zane a Turai suke bin ƙa'idar cewa mai kallo yana tsaye wuri ɗaya, bai motsa ba. Paul Cézanne, mai zane ɗan Faransa wanda ya rasu a 1906, ya fara sassauta ta, domin teburansa kan karkato kamar 'ya'yan itacen za su gangaro. Pablo Picasso da Georges Braque sai suka yi watsi da ita gaba ɗaya: za su nuna bakin kofi a zagaye kamar daga sama ake leƙa shi, su kuma nuna gefensa kamar daga gaba ake kallo, duk a kan ƙyalle ɗaya. Daga 1909 zuwa 1912 sun taƙaita launi zuwa toka-toka da ruwan ƙasa, don kada launi ya janye ido daga ginin siffa.

Game da kayan kuwa, abubuwa ne da kowa ya saba gani a gidajen shan kofi na Faris, saboda haka ko lanƙwasar jikin goge da tsirkiyarsa kaɗai aka nuna, mai kallo zai ƙarasa sauran da kansa.

Tsohon Mai Fenti:
Malam ya yi bayani, amma ina ganin ana tauye wa Braque haƙƙinsa. Mahaifinsa mai fentin gidaje ne, shi ma sana'ar ya fara koya, kuma daga can ya kawo dabarun da masu zanen makaranta suke rainawa: jan matsefi a kan ɗanyen fenti don ya fito da jijiyar katako, cuɗa yashi cikin fenti, da buga haruffa da farantin da aka huda, wanda ya fara a 1911. A lokacin zanen nasu ya kusa rabuwa da duk abin da ido zai kama, haruffan ne suka zame wa mai kallo madogara.

A 1912 Picasso ya manna ƙyallen roba mai ɗauke da hoton saƙar kujera a wani zane mai siffar ƙwai, ya kewaye shi da igiya. A watan Satumba na shekarar, Braque ya sayi takardar bango mai kamar katako a garin Avignon na Faransa, ya yanka ya manna, ya zana kwanon 'ya'yan itace da kofi a kai da gawayi. Ta wannan ƙofa launi ya dawo.

Ɗalibar Zane:
Na gode, Baba. To da wane hoto ya kamata in fara, ganin cewa na 1911 sun fi ƙarfina?

Malam Mai Alli:
Ki fara da Juan Gris, ɗan Sifaniya kamar Picasso, musamman aikinsa na 1915 mai ƙyallen tebur mai gida-gida, domin launukansa a fili suke, kuma kowace kwalba tana nan ana ganinta. A lokacin, Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ɓarke a 1914 ya riga ya raba Picasso da Braque, wanda ya tafi fagen daga aka ji masa rauni a kai a 1915. Idan idonki ya saba da Gris, sai ki koma kan hoton goge da Braque ya zana a 1910, ki fara neman tsirkiyar kafin komai.