Idan rijiya ta fara warin fetur

Shawarar da aka fi nanatawa a wani zaman tattaunawa da na halarta kan gurɓatar rijiya da fetur ita ce: da zarar ruwa ya fara warin fetur, ko aka ga maiƙo na ƙyalli a cikin guga, a daina sha nan take. Tafasawa ba ta isa ba. A nemo inda man ke yoyo, galibi tsohon tankin gidan mai ne, a toshe shi, a zuƙe man da ke saman ruwa, sannan a haƙa rijiyoyin gwaji ana auna sinadarin benzin mai jawo sankarar jini. Wani ya tuno garin Ogale na ƙasar Ogoni a jihar Ribas, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano benzin da ke ruwan rijiya ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Wannan ya tsaya mini a rai, don ruwan sha ne na iyalai.