Ƙwayar manyeziyom ga tsohuwa mai ciwon suga: in ba ta ko in dakata?

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum jama'a. Tun shigowar zafin Afrilu Inna ba ta samun barci. Kusan kullum gab da asuba jijiyar sha-raɓarta ke ɗaurewa, ta yi tauri kamar icce, sai ƙanwata ta kama yatsun ƙafar ta lanƙwaso su sama kafin ta saki. Jiya maƙwabciyarmu ta kawo mata rabin kwalin Magné B6, wato ƙwayar manyeziyom, ta ce shi ya raba ta da irin wannan. Na karɓa na ɓoye. Inna ta haura shekara 60, ta daɗe da ciwon suga, kuma yanzu tana shan sifurofuloksasin saboda ciwon fitsari. In ba ta?

Majinyaciya daga Yamai:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ka kyauta da ka dakata. Manyeziyom na kama sifurofuloksasin tun a hanji ya hana shi shiga jini, ka ga ciwon fitsarin zai iya ƙin warkewa. Bari ta gama wancan tukuna.

Abin da ya fi damuna ƙodarta ne. Ƙoda ce ke fitar da rarar manyeziyom, suga kuwa idan ya daɗe yakan ci ƙoda a ɓoye. In ta raunana sai sinadarin ya taru, jiki ya mutu, jini ya sauka, bugun zuciya ya ragu. Ka kai ta a auna kireyatinin, wato awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, likita ya gani. Ƙwaya ɗaya miligiram 48 ce kawai, amma mutanenmu kan sha su barkatai, wasu har zawo ya kama su. Kuma gaskiya, a binciken da aka yi kan tsofaffi bai cika hana ɗaurewar nan ta dare ba.

Maman Hadiza:
Mace tana buƙatar wajen miligiram 320 na manyeziyom a rana, kuma yana nan cikin gero, wake, gujiya da riɗi. Tsohuwata dambun zogala nake yi mata da ƙuli-ƙuli. Amma tambayata, ruwa fa, tana sha?

Ɗan Tawa:
Hajiya kin taɓo inda yake. Daga magariba ba ta yarda da ruwa, wai kar ta yi ta tashi fitsari. Yau zan zauna da ita a kan wannan. Na gode ƙwarai, gobe da sassafe zan kai ta awon, kwalin kuma in tafi da shi in nuna wa likita.