Wa ya taɓa sa allon jipsam a silin don rage ƙara da zafi?

Baban Yusra, Sakkwato: Assalamu alaikum jama'a. Rufin gidana kwano ne, silin ɗin kuma na roba ne, wato PVC. Da bazara ɗakin kamar tanda, da damina kuwa in ruwa ya sauko sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Ina so in canza zuwa allon jipsam, farin allon nan mai kama da alli da ake yin silin da shi. Don Allah wanda ya gwada ya ba mu labari.

Maman Ilham, Kaduna: Wa alaikumus salam. Mu mun sa mai kaurin milimita 12. Ƙarar ruwa kam ta ragu sosai, yanzu ana ruwa muna jin rediyo lafiya lau. Zafi ne dai bai tafi ba. In azahar ta yi ka hau kujera ka ɗora tafin hannu a silin, ɗumi za ka ji.

Wani kafinta, Zariya: Hajiya, haka abin yake. Nauyin allon ne ke tare ƙara. Guda ɗaya mai ƙafa 4 da 8 yana kai wa kilo 25, PVC kuwa yaro ma ya ɗauka da hannu ɗaya. Amma shi kaɗai ba ya hana zafi. Sai an shimfiɗa auduga ta gilashi ko ta dutse (rockwool) mai kaurin santimita 5 a samansa, a kuma bar kafofi a ƙarƙashin rufi iska mai zafi ta riƙa fita. Mai shimfiɗawar ya sa safar hannu da takunkumi, don ƙaiƙayinta ba wasa ba ne. Alhaji, kada ka yarda a ɗaura allon a kan tsohon katakon PVC. A ƙara katako, tazara kamar santimita 40, a shafa masa maganin gara, in ba haka ba silin ya yi ciki.

Ɗan haya, Kano: Nawa daban ne, a ƙasan bene nake. Mai aikin ya rantse min ba zan ƙara jin motsin na sama ba. Maganarsu da talabijin ɗinsu sun ragu, gaskiya. Amma guje-gujen yara da dakan yaji da asuba suna nan yadda suke.

Wani kafinta, Zariya: Malam, ai wannan ƙarar ta jikin gini take bi, ba ta iska ba. Tunda allon yana ɗaure kai tsaye da siminti, duk bugun da aka yi a sama sai ya sauko. Sai dai a rataye shi a kan ƙarafa masu roba, a bar rata a cusa auduga. Ko ka lallaɓa maƙwabcin ya shimfiɗa kafet mai kauri, ya fi arha nesa ba kusa ba. Yawan huda silin don ƙananan fitilu ma yana ɓata aikin, ko da yake mutanenmu ba sa son jin haka.

Maman Ummi, Maraɗi: Ku duba kwano tukuna. Namu wuri ɗaya ne ke yoyo, damina guda allon ya yi tabo ruwan ƙasa, ya kumbura, da yatsa ma ana iya huda shi. Sai da aka yanke wurin aka sake. Na kicin da banɗaki kuma ku nemi allo mai launin kore, shi ne ke jure laima.